Yadda Ake Jingina da Mutum Bisa Ƙa'ida

Ka yi shekaru kana koyon rawa. An koya maka ka miƙe gadon bayanka, ka ƙirga kiɗa daga 1 zuwa 8, ka dubi madubi ka daidaita kafaɗa, kuma ko me zai faru kada ka faɗi. Yanzu ga sabon darasi a jadawalinka, wanda masu yin sa suke kira kontak a taƙaice, mu kuma za mu ce masa rawar jingina. A wannan ajin ba a kallon madubi, sau da yawa babu kiɗa, babu takun da za ka haddace, faɗuwa kuma tana cikin manhaja. Kada hankalinka ya tashi. Abin yana da tsari, za mu bi shi daki-daki.

Ya kamata ka fara sanin inda aka samo ta. A watan Janairun 1972 wani ɗan rawa Ba'amurke mai suna Steve Paxton ya je Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio. Ba ɗan koyo ba ne. Ya yi rawa a ƙungiyar Merce Cunningham, yana cikin waɗanda suka kafa Judson Dance Theater a birnin Niyok a 1962, kuma ya koyi aikido, fasahar kare kai ta Japan wadda ake daɗewa a cikinta ana koyon faɗuwa. A Oberlin ya tara ɗalibai maza 11, aka shimfiɗa musu katifun wasa, suka yi ta jefa jikinsu a kan juna da kan ƙasa, sannan suka tsaya cik na wasu mintuna. Sunan wannan aiki Magnesium. A watan Yunin shekarar ya tara wasu, maza da mata, suka kwana 5 suna nuna rawar jingina a zauren John Weber da ke Niyok. Cikinsu akwai wata ɗaliba daga Oberlin, Nancy Stark Smith, wadda ta ƙare rayuwarta tana koyar da ita. Tambayar da suke bi ita ce: me jiki yake yi idan ya goce daga tsayuwarsa, kafin tunani ya iso? Ita ce za ka bi kai ma, da naka jikin da na wani.

Shiri ba ya ɗaukar lokaci. Cire agogo, zobe, bel da makullan aljihu. Yanke farce, na hannu da na ƙafa. Sa wando mai rufe gwiwa da riga mai rufe kafaɗa, na auduga, domin fata tsirara tana kama daɓe ta ƙuje, yadi mai santsi kuma yana sa abokinka ya sulale kafin lokacinsa. Guji zik da maɓalli, domin duk maɓallin da ke rigarka zai bi ta bayan wani. Ƙafa babu takalmi babu safa. Ka yi wanka. Kada ka cika ciki, saboda cikin awa ɗaya mai yiwuwa a ɗora masa kilo 60.

Darasin farko tsayuwa ce. Kana ganin ka iya ta tun kana ɗan shekara ɗaya, amma abin da ka iya shi ne tsayuwar jira: jiran mota, jiran layi, jiran mai magana ya gama. A nan tsayuwar ce aikin. Ka ajiye ƙafafunka daidai ƙarƙashin ƙugunka. Kada ka ƙulle gwiwa. Ka saki muƙamuƙi, ka saki kafaɗa, ka saki ciki, ka bi tsokokin jikinka ɗaya bayan ɗaya kana sallamar duk wadda ba ta da aiki, har ka kai inda in ka ƙara sakin wata za ka zube. A nan za ka tsaya. Sai ka saurara.

Abin da za ka ji shi ne ba a tsaye kake ba. Jikinka yana karkata gaba kaɗan, tsokar bayan ƙwauri ta jawo shi, ya wuce baya kaɗan, ta gaban ta maido shi. Kowace ƙafarka tana da ƙasusuwa 26, kuma suna ta miƙa wa juna nauyinka. A can cikin kunnenka akwai wasu bututu 3 masu ruwa waɗanda suke kai rahoton kowane juyi na kanka. Kana faɗuwa ana taro ka, faɗuwar da ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma haka kake tun da ka fara tsayuwa, ba ka dai taɓa halarta ba. Paxton ya sa wa wannan suna ƙaramar rawa. Za a bar ka a cikinta minti 5, ko 10, ko fiye. Wanda ya leƙo ta taga zai ga manyan mutane a ɗaki sun tsaya ba sa yin komai, kuma ya yi kuskure, rawa suke yi. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka taimaka mata. Da zarar ka fara lilo da gangan don malami ya ga kana yi, ka fita daga ƙaramar rawa ka shiga wata dabam wadda ba a tambaye ka ba.

Daga tsayuwa sai kwanciya. Daɓe shi ne abokin rawarka na farko, kuma shi kaɗai ne ba zai taɓa gocewa ba, don haka ka ba shi lokacinsa. Kwanta rigingine. Ka mirgina zuwa gefe, daga gefe zuwa rub da ciki, daga nan zuwa ɗaya gefen, a hankali ƙwarai, yadda babu wani sashe na jikinka da zai sauka da ƙara. Nan za ka gane jikin mutum yana da kusurwoyi: gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, tsinin kwatangwalo, ƙarshen kafaɗa. Daɓe zai nuna maka kowannensu. Aikinka shi ne ka koyi zagaye su, ka bi ta inda nama yake da faɗi. Idan ɗakin yana da tsawon mita 10 kuma ka ƙetare shi cikin minti ɗaya, gaggawa ka yi. Koma ka sake.

Yanzu za a ba ka mutum. Ku tsaya fuska da fuska, ku sunkuyar da kai, ku haɗa saman goshi. Kan baligi yana da nauyin kusan kilo 5, to ka bar masa naka, ya bar maka nasa. Wurin da kuka haɗu shi ne abin lura, kuma ƙa'idarsa ita ce ya gangara, kada ya yi tsalle. Daga goshi zai iya bi ta gefen kai, ya sauka ƙeya, ya hau kafaɗa, ya ratsa baya, ya zagayo haƙarƙari. Duk inda za shi sai ya bi ta hanya, bai halatta ya ɓace a kafaɗa ya ɓullo a ƙugu ba. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin shiga maganar. Hana shi. Hannu ya saba kamawa da turawa da nuna wa mutane inda za su, a nan kuwa matsayinsa ɗaya da na allon kafaɗa.

Za ka tambaya wa ke jagora, kuma tambaya ce mai kyau. Babu. Kai kana bi, shi ma yana bi. Za ka ce in kowa bi yake yi, wa ake bi? Wurin haɗuwar ake bi. A karon farko sakamakon wannan shi ne mutum biyu su tsaya kai da kai minti 3 kowa yana jiran ɗan'uwansa. Wannan daidai ne, kada ka gyara shi. Ƙaramar rawarka tana nan, tasa tana nan, kuma da yake ba a lokaci ɗaya suke karkata ba, can sai ɗaya ta ɗan tura ɗaya, wurin haɗuwar ya motsa. Idan aka tambaye ku daga baya wa ya fara, kowannenku zai nuna ɗayan, kuma duk gaskiya kuka faɗa.

Mun iso inda aikin yake, wato ba da nauyi. Ka natsu a nan, domin ɗalibai da yawa suna shekara suna zuwa aji ba su taɓa jingina da kowa ba, alhali suna tsammanin sun yi.

Ku juya wa juna baya ku haɗa. Ka matsar da ƙafafunka gaba kaɗan, shi ma haka, har ya zama kowannenku bayan ɗayan ne yake tokare shi. Gwajin jingina guda ɗaya ne: in da abokinka zai ɓace a wannan daƙiƙa, za ka faɗi? Idan amsar a'a ce, taɓa shi kake yi kawai. Cibiyar nauyinka tana cikin ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan, kuma ita ce ake miƙawa. Ɗalibi yakan miƙa kafaɗa ya bar ƙugunsa a baya yana tsaron gida. Abokinsa ya ji kafaɗa a bayansa, ya ɗauka an ba shi nauyi, ya jingina da gaske, ya tarar babu kowa a wurin.

Mai yin haka yawanci ba mugu ba ne, mai kara ne. An tarbiyyantar da shi kada ya ɗora wa kowa nauyinsa, yana jin kunya a ce wani yana ɗauke da shi, sai ya riƙe kilo 50 ya miƙa 10, yana ganin sauƙi ya yi wa mutane. A ganina wannan ɗalibin ya fi kowa wahalar da abokin rawa, har ma ya fi wanda yake jibgewa gaba ɗaya. Mai jibgewa aƙalla an san inda yake. Mai kara kuwa jikinsa yana faɗin abin da ba haka ba, abokinsa kuma da wannan labarin yake yin lissafin inda zai sa ƙafa. Nauyin da aka ɓoye ba ya ɓacewa, yana zaune a wuyanka da kwankwasonka a ƙanƙame, kuma zai fito a lokacin da ba a shirya masa ba. Ka ba da abin da ka ce ka ba da. Idan kilo 10 za ka bayar, ka bayar da 10 cikakku, idan 40 ne, 40.

Kana iya koyon wannan a gida. Samo sikelin awon mutum ka ɗora a kan tebur. Danna shi da tafin hannu har allurar ta nuna kilo 5, ka riƙe ta a nan kada ta yi rawa. Ka ƙara zuwa 10, zuwa 20, ka dawo 5, duk a hankali, ba tare da allurar ta yi tsalle ba. Haka ake zuba nauyi a kan mutum, haka kuma ake kwashe shi. Sannan ka daina ba da haƙuri. Sabon ɗalibi yakan ce a yi haƙuri duk lokacin da jikinsa ya taɓa na abokinsa, a darasin da taɓawar ce aka zo yi. Ajiye haƙurin sai ranar da ka taka wa wani yatsa, domin ranar tana zuwa.

Karɓar nauyi kuma aikin ƙashi ne. Durƙusa ka dafa ƙasa, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Yanzu kai tebur ne, haka ma ake kiran wannan tsayuwa a aji. Abokinka zai kwanto a kan ƙugunka ko a saman bayanka tsakanin kafaɗu, inda akwai ginshiƙi a ƙasa, nauyinsa ya bi ta ƙasusuwanka ya sauka daɓe. Ba a hawa tsakiyar kwankwaso, ba a hawa wuya, ba a jingina da gwiwa ta gefe. Idan nauyin ya fi ƙarfinka, kada ka yi jarumta. Karkata, ka zama gangare, ya sulale ƙasa. Tebur yana da ikon ya daina zama tebur.

Ɗagawa ba ta da wani sirri bayan wannan. Wanda cibiyar nauyinsa take ƙasa shi yake ɗaga wanda tasa take sama. Ka lanƙwasa gwiwa, ƙugunka ya shiga ƙarƙashin nasa a daidai lokacin da yake kan tafiya, sai tafiyar tasa ta haye da shi kanka. Shi ya sa za ka ga ƙaramar mace ta ɗauki ƙaton namiji a kafaɗa, kuma shi ya sa tsohon tsarin nan na namiji ya ɗaga mace ta yi kyau a sama bai samu wurin zama a wannan rawa ba. Amma ka riƙe doka ɗaya da ba a sassautawa: kada ka kama wanda ke kanka. Zuciyarka za ta ce ka rungume ƙafafunsa don kada ya faɗi. Da waɗannan ƙafafun zai sauka. In ka riƙe su, da kai zai sauka.

Sai faɗuwa. Duk abin da aka saki, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a kowace daƙiƙa, kuma wanda ya faɗo daga tsawon mita 1 yana isa ƙasa kafin rabin daƙiƙa ta cika. Wannan lokaci bai isa shawara ba, don haka sai jiki ya riga ya san abin yi. A filin kokawa wanda bayansa ya taɓa ƙasa an kayar da shi, makaɗa su koma wa ɗayan. A nan wanda bayansa ya taɓa ƙasa yana tsakiyar aikinsa, abin da ake dubawa shi ne yadda ya isa. Ka fitar da numfashi. Ka lanƙwashe don ka rage nisa. Kada ka miƙa hannu a sandare ka tari ƙasa, nan ake samun targaɗe da karaya. Ka sa haɓa kusa da ƙirji, ka sauka a wuri mai faɗi, gefen cinya ko gefen baya, ka mayar da faɗuwar birgima, ta shiga ta kafaɗa ɗaya ta ratsa baya a karkace ta fita ta kwatangwalon ɗaya gefen, kamar yadda 'yan aikido suke yi. Za ka fara daga durƙuso, sannan tsugune, sannan tsaye, sannan daga kan mutum. Idonka a buɗe, kana amfani da wutsiyarsa, domin ba kai kaɗai kake faɗuwa a ɗakin ba. Jiri zai ɗebe ka a makonnin farko, musamman idan kanka ya koma ƙasa ƙafafu sama, daga baya kunnen ciki ya saba. Idan kana son ganin yadda ake yi, nemi fim ɗin Fall After Newton na 1987, wanda ya bi shekara 11 na rawar Nancy Stark Smith da Paxton. An rage gudun hoton a wasu wurare don ka ga abin da take yi a cikin wannan rabin daƙiƙar.

Idan ka fara iyawa za a gayyace ka jam, wato taron da ake haɗuwa a yi rawar babu malami. Yawanci ana buɗewa da zama a da'ira, kowa ya faɗi sunansa da inda ke masa ciwo. Ka saurari na biyun da kyau. Shiga rawa ba ta buƙatar magana: ka matso kusa da mutum ka miƙa masa baya ko kafaɗa. In ya jingina, an fara. In ya mirgina ya yi gaba, ya ba ka amsa, kada ka bi shi. Kai ma kana da wannan ikon cikakke. A Amurka da Turai maza da mata suna yin ta tare, amma babu wanda aka wajabta wa rawa da wani, kuma kana iya cewa a'a da baki ko da jiki, a farko ko a tsakiya, ba tare da ka kawo dalili ba. Wurare da yawa sun rubuta wannan a takarda, domin an samu waɗanda suka fake da rawar suka wuce iyaka. Mai yin haka ba rawa yake yi ba, kuma ka gaya wa masu kula da taron.

Za ka tarar da mutane iri-iri a wurin, domin abin da ake buƙata nauyi ne, kowa kuma yana da shi. Paxton da Anne Kilcoyne sun yi ta da makafi a Ingila tun daga 1986, Alito Alessi kuma ya yi ta da masu keken guragu a jihar Oregon. Akwai kuma lokacin da za ka samu kanka a zaune a gefe, rawa ɗaya ta ƙare, wata ba ta fara ba, ba ka san abin da za ka yi da kanka ba. Nancy Stark Smith ta tsara taswirar dukan matakan da taron rawa ke bi, wadda ake kira Underscore, kowane mataki da sunansa da alamarsa, kuma wannan halin da kake ciki yana cikin taswirar, giɓi ake ce masa. Saboda haka ba ka ɓata ba. Zauna a cikin giɓin har ya wuce.

Gama rawa yana da nasa tsarin. Wani lokaci ku biyu za ku ji ta ƙare, wani lokaci kai kaɗai. Ko yaya ne, ka karɓo nauyinka a hankali, ka tabbata ka mayar masa da nasa, sannan ka tafi. Wanda ya tafi ba tare da ya mayar ba zai ji sakamakon a bayansa.

Saura zaɓen malami. A 1975 waɗanda suka fara abin sun samu labarin cewa mutane suna gani suna kwaikwayo suna jin rauni, sai suka yi shawarar yi wa sunan rajista don kada kowa ya koyar sai da izini. Daga baya suka fasa, suka buɗe wata 'yar jarida da za a riƙa musayar bayani a cikinta, ita ce ta zama mujallar Contact Quarterly, wadda Nancy Stark Smith da Lisa Nelson suka daɗe suna shiryawa. Smith ta rasu a 2020, Paxton a 2024, kuma babu wata hukuma da ke ba da takardar shaidar koyar da wannan rawa. Don haka kada ka tambayi malami takarda. Ka tambaye shi wurin wa ya koya da shekara nawa ya yi yana yi, ka duba ko ajinsa yana farawa daga daɓe ko kuwa ranar farko yake ɗora mutane a kafaɗa. Sannan, kafin ka biya kuɗin aji, ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗi ka gani. Ka kasa kunne lokacin da ya isa ƙasa. In ka ji tim, ka yi masa sannu, ka nemi wani.